Kasuwar Litinin: A Riƙa Duba Zafin Waya Tun Kafin Ya Zama Gobara

Cikin daren Asabar, wayewar garin Lahadi 26 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, watau kwana ɗaya bayan zaɓen Shugaban Ƙasa, wuta ta kama Kasuwar Litinin ta birnin Maiduguri, wadda ita ce babbar kasuwar Jihar Borno, kuma matattarar fatake daga Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Nijar. Kafin a shawo kanta ta lashe dubban shaguna da rumfuna tare da hajar da ke cikinsu. Al'amarin ya auku ne a daidai lokacin da jama'ar ƙasar nan ke fama da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin Naira, saboda haka asarar ta faɗa wa 'yan kasuwar da ciniki ya riga ya tsaya musu cik.

Gwamnan jihar, Farfesa Babagana Umara Zulum, ya ba da sanarwar tallafin gaggawa na Naira miliyan dubu ɗaya, sa'an nan Shugaban Ƙasa na lokacin, Marigayi Muhammadu Buhari, ya je jaje a farkon watan Maris. Kafin shekarar ta ƙare an sake gina kasuwar an buɗe ta, har gwamnati ta yafe wa masu shaguna kuɗin haya na shekara biyu. Wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, musamman idan aka tuna cewa babbar kasuwar birnin Yamai da ta ƙone a 1982 sai a 1987 aka sake buɗe ta.

Amma akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana cin dukiyar Arewa, wadda saurin sake gini ba ya maganinta. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina kuma a Maris na wannan shekarar. A kowane karo akan sami kuɗin jaje da na kwamiti da na kwangilar gini, kuma a kowane karo da wuya a ji an ware ko da ɗan ƙaramin kaso domin a riƙa bin wayoyi da injuna ana duba lafiyarsu bayan an gama bikin buɗewa. Baitulmali yakan buɗe bayan wuta ta ci, ya rufe kafin ta kama. Kowace gobara da musabbabinta, kuma ba duka ne ke tasowa daga lantarki ba, to amma wadda ke tasowa daga lantarki tana da wani hali da ya bambanta ta da saura: takan yi gargaɗi na makonni, wani lokaci na watanni, kuma gargaɗin nan zafi ne. Akwai na'urar da ke ganin wannan zafi, kuma kuɗinta bai kai na cika shago ɗaya na atamfa ba.

Kowa ya san ɗan abin auna zafin jiki mai kama da bindiga da aka riƙa nuna wa mutane a goshi a ƙofofin bankuna da filayen jirgin sama lokacin cutar Ebola a 2014 da kuma lokacin korona a 2020. Kyamarar zafi 'yar'uwarsa ce. Kowane abu yana fitar da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, kuma iyakar zafin abin iyakar yawan hasken. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a shekarar 1800. Abin auna goshi yana karanta wuri ɗaya ne tak a lokaci guda, ita kuwa kyamara tana karanta wurare dubbai, ta haɗa su su zama hoto. Ko ƙaramar cikinsu, mai ɗigo 160 a kwance da 120 a tsaye, tana ɗaukar ma'auni 19,200 a ƙiftawar ido, inda wuri mai zafi zai fito da haske, mai sanyi ya fito da duhu. Mai bincike ba ya taɓa waya, ba ya kashe inji, ba ya hana mai shago ciniki.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Kamfanin AGA na ƙasar Suwidin ya fara sayar da irinta tun tsakiyar shekarun 1960, kuma kamfanonin wutar lantarki na cikin waɗanda suka fara amfani da ita wajen duba layukansu. A wancan zamani kaya ce mai nauyi da tsada, wadda sai an sanyaya ta da wani ruwa na musamman kafin ta yi aiki. A shekarun 1990 aka fara fitar da wadda ba ta bukatar sanyayawa, farashi ya yi ta sauka, har a 2014 kamfanin FLIR na Amurka ya fitar da wadda ake maƙala wa wayar hannu a kan dala 349. Wadda ƙwararru ke aiki da ita a masana'antu tana kai dalolin Amurka dubbai kaɗan. A ɗauka dala 3,000 ce. A watan da Kasuwar Litinin ta ƙone, farashin dala a hukumance ya kai kimanin Naira 460, watau tallafin gaggawar nan kaɗai ya haura dala miliyan biyu, kuɗin da za su sayi irin wannan kyamara fiye da 700. Kasuwar kuwa biyu ko uku sun wadace ta.

Dalilin da ya sa zafi ke riga wuta fitowa ba boyayye ba ne ga duk mai aikin wayarin. Wutar lantarki takan haifar da zafi a duk inda ta sami turjiya a hanyarta, kuma mafi yawan turjiyar tana mahaɗa ne: inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da salatif, inda noti ya saki, inda tsatsa ta ci bakin fiyus, inda aka haɗa jan ƙarfe da alminiyam. Wurin yakan yi ɗumi, ɗumin ya ƙara lalata ƙarfen, lalacewar ta ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi, a haka har robar da ke lulluɓe da wayar ta bushe ta tsage. Bugu da ƙari, zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora wa waya, gaba yake yi ya bar shi. Idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin yakan ninka huɗu, idan ta ninka uku ya ninka tara. Mai shagon da aka ja wa layi domin ƙwai biyu da fanka ɗaya, sa'an nan ya ƙara firji da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki, yana ganin kaya kaɗan ya ƙara, alhali wayar da ke bayan kantarsa ta san ba haka ba ne.

Maiduguri tana da nata ƙarin dalilai. Wayar roba da aka saba amfani da ita a gidaje da shaguna an ƙera ta ne kada zafin cikinta ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma jadawalin da injiniyoyi ke dubawa domin sanin nauyin da za ta iya ɗauka an gina shi ne a kan iska mai zafin digiri 30. Idan zafin iska ya kai digiri 45, jadawalin ya ce a rage mata nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano, kuma a waɗannan watanni ne kowa ke kunna duk abin sanyi da ya mallaka. Watau lokacin da waya ta fi rauni shi ne lokacin da ake ɗora mata kaya mafi nauyi.

Sa'an nan ga tarihin wutar birnin. A watan Janairu na 2021 'yan tada ƙayar baya suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake kayarwa cikin 'yan kwanaki, birnin ya zauna cikin duhu wata da watanni. Wannan ne ya sa aka gina tashar gaggawa mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2023. A tsakanin haka kowa ya nemi mafita da kansa: janareto, farantan sola, batir da inbata. Sakamakon shi ne shago guda yana iya shan wuta daga kafa biyu ko uku, da makunnin sauya layi a tsakaninsu, kuma kowace ƙarin kafa ƙarin mahaɗa ce. Ɗaukewa da dawowar wuta ma kanta tana da illa, domin ƙarfe yakan buɗe idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, kuma wannan buɗewa da tsukewa ta yau da gobe ita ke kwance notin da aka ɗaure tamau ranar farko.

Na ukunsu shi ne ruwa. A ranar 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, ambaliya ta mamaye babban sashe na birnin har da Kasuwar Litinin, ƙasa da shekara guda da sake buɗe ta. Bango yakan bushe a shafe shi da fenti ya koma sabo. Soket ko akwatin rarraba wuta da ya kwana cikin ruwan laka kuwa, zai iya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya same shi, alhali tsatsa tana cin bakunan ƙarfensa sannu a hankali. Sabunta gini ba ya zama shaidar lafiyar wayoyin da ke cikinsa, kuma ido ba ya rarrabe mahaɗa mai lafiya da mai ciwo.

Maganar ba ta tsaya ga gobara ba. Ga masu injuna, watau masu niƙa da markaɗe, da masu casar shinkafa, da masu ƙanƙara da ɗakunan sanyi, da masu ruwan leda, da manyan masana'antu irin na fulawa, ribar kyamarar zafi tana zuwa ne ta wata ƙofa, kuma ta fi saurin ganuwa a littafin ciniki. Al'adar da aka gada ita ce a bar inji ya yi ta aiki sai ya tsaya da kansa, sa'an nan a aika a kira makaniki. Waɗanda suka ɗan ci gaba sukan canja mai da bel da boris bisa kalanda, ko sun gaji ko ba su gaji ba, wanda hakan ya fi, ko da yake akan zubar da kayan da ke da sauran rai, kuma akan rasa wanda ya gaji kafin lokacinsa. Hanyar da masana'antun duniya suka koma ita ce a riƙa auna halin da injin ke ciki, a gyara abin da ya nuna alamar ciwo a ranar da mai injin ya zaɓa. Boris da giris ɗinsa ya ƙare, ko ya fara cinyewa, yakan fi takwaransa na ɗaya gefen zafi. Bel da ya saki yana santsi yakan yi zafi. Injin lantarki da ƙura ta toshe masa hanyar iska, abin da ba baƙo ba ne a lokacin hunturu, ko wanda ɗaya daga cikin layukansa uku ya raunana, jikinsa yakan nuna. Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa naɗin wayar da ke cikin injin yana rage rabin kwanansa.

A nan lissafin ɗan kasuwa ya kamata ya shigo. Boris ɗaya kuɗinsa kaɗan ne, canja shi kuma aikin sa'a biyu ne a ranar da ba ciniki. Idan aka bar shi ya kama, yakan ci sandar da yake riƙe da ita, ya ƙone naɗin waya, a kai injin wurin masu sake naɗi, inda zai kwana uku ko mako. Kuɗin gyaran ma ba shi ne babbar asarar ba. Mai niƙa yana biyan yaransa da hayar wuri ba ya shigar da ko kwabo, masu kawo masa hatsi kuma sun koma wurin maƙwabcinsa, wasu ba za su dawo ba. Mai ɗakin sanyi da injinsa ya tsaya da azahar a watan Afrilu, kifi da kaji da ke ciki ba za su jira makaniki ba. Irin wannan asara ba ta da rasit, shi ya sa masu ita ba sa lissafa ta, sai a ce tsautsayi ne a wuce.

To, idan abin yana da araha haka kuma yana da riba, me ya hana kowane mai shago ya nemi a duba masa? Mai inji zai iya, domin shi ke cin ribar shi kaɗai. Mai shago a tsakiyar kasuwa kuwa lissafinsa daban ne. Idan ya kashe kuɗi ya gyara wayarsa, layin nan duka ne ya amfana, amma shi kaɗai ya biya. Idan maƙwabcinsa bai gyara tasa ba, gyaran da ya yi bai tsare masa komai ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to a kasuwa gemun ɗaya ne, a haɗe yake tun daga ƙofa zuwa ƙofa. Manyan wayoyi da akwatunan rarrabawa da taransifoma kuma ba na kowa ba ne a cikin masu shaguna, saboda haka ba wanda zai tashi da kansa ya ce a duba su. Duk abin da amfaninsa na kowa ne, nauyinsa kuma na mutum ɗaya, akan bar shi ba a yi ba, ko da kuwa kowa ya yarda yana da kyau. Har ila yau, tallafin gwamnati bayan gobara, duk da kasancewarsa wajibi na tausayi, yana da wani gefe da ba a son faɗa: yakan sa a saba da tunanin cewa akwai mai ɗaukar asara, alhali ba a taɓa jin tallafin da ya mayar wa ɗan kasuwa dukkan jarinsa ba.

Saboda haka aikin na hukumar gudanar da kasuwa ne tare da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma kuɗinsa ya kamata ya fito daga wani ƙayyadadden kaso na kuɗin haya, a rubuce, wanda ba a taɓa shi domin wata hidima. Wasu ƙasashe sun riga sun mai da shi sharaɗi. A Amurka, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ta ɗaga littafinta mai lamba 70B daga matsayin shawara zuwa matsayin ƙa'ida a shekarar 2023, inda ta ce a ɗauki hoton zafin kayan lantarki akalla sau ɗaya cikin wata 12, waɗanda suka nuna rauni kuma duk wata shida. A Faransa kamfanonin inshora sukan nemi masana'anta ta kawo takardar shaida da ake kira Q19, wadda ke tabbatar da cewa ƙwararre ya bi kayan lantarkinta da kyamarar zafi. Wanda zai ce wannan harkar masu arziki ce sai ya dubi Bangaladash. Bayan gobarar masana'antar ɗinki ta Tazreen a 2012, wadda ta kashe mutane fiye da 100, da rushewar ginin Rana Plaza a 2013, manyan masu sayen tufafi da ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙulla yarjejeniyar binciken masana'antun ɗinki, kuma ɗaukar hoton zafin akwatunan wuta yana cikin abin da aka wajabta.

Nijeriya ba ta rasa hukumomin da abin ya shafa ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin binciken ingancin kayan lantarki da yadda aka haɗa su. Kamfanin rarraba wuta na Yola shi ke kula da layukan Borno. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta jiha, akwai kuma hukumar NAICOM mai sa ido kan inshora. Ɓangaren inshora shi ya fi kowa dalilin shiga, domin duk gobarar da ba ta tashi ba kuɗi ne da ya rage a asusunsa, kuma ragin kuɗin inshora ga layin da ke da takardar bincike zai fi kowace doka saurin jan hankalin ɗan kasuwa. Ga masu ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. A wannan tsari rarar da ta saura a asusu bayan biyan diyya akan raba ta ne ga mahalarta, watau raguwar asara tana komawa aljihunsu kai tsaye.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar na'urar, domin 'yan kwangila ba za su faɗa ba. Kyamarar zafi fatar abu kawai take gani. Ba ta ratsa bango, ba ta ratsa murfin ƙarfe, ko gilashi ma ba ta ratsa shi, don haka sai an buɗe akwati wuta na ciki, aikin da ke da haɗari kuma yake bukatar ƙwararren mai aikin lantarki a tsaye kusa da mai ɗaukar hoto. Ƙarfe mai ƙyalli yakan ruɗe ta, ta nuna shi da sanyi alhali yana ƙuna, ko ta ɗauko zafin jikin mai riƙe da ita da ya haska a kansa. Rana ma takan ruɗe ta, shi ya sa taransifoma da wayoyin waje an fi duba su bayan faɗuwar rana. Mafi muhimmanci, mahaɗa mai ciwo ba ta yin zafi sai wuta na bi ta cikinta da nauyi, kuma ƙwararru suna son nauyin ya kai akalla kashi 40 cikin ɗari na abin da layin ya saba ɗauka. Binciken da aka yi da sassafe kafin a buɗe shaguna, ko a ranar da aka ɗauke wuta, zai nuna komai lafiya lau, kuma takardar da za ta fito daga irin wannan bincike ta fi rashin takarda haɗari. Ba ta kuma ganin jarkar fetur da aka ɓoye a bayan kanta, ko garwashin mai shayi, ko hanyar motar kwana-kwana da aka cike da tebura.

Fassara hoton ma ilmi ne. Jan launi a fuskar kyamara ba shi ne hukunci ba, kwatanci ne hukunci. Ƙungiyar masu gwajin kayan lantarki ta NETA a Amurka tana da ma'auni da ake amfani da shi a wurare da dama: a gwada abubuwa biyu iri ɗaya masu ɗauke da nauyi iri ɗaya, alal misali fiyus uku na layi uku. Idan bambancin zafinsu digiri 1 zuwa 3 ne, a sa ido. Idan 4 zuwa 15 ne, a gyara da zarar an sami dama. Idan ya haura 15, a gyara nan take. Akwai horo na musamman da takardar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa a kan wannan aiki, kuma ba abin da zai hana Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat ko sashen injiniya na Jami'ar Maiduguri su horar da matasa a kai. Gwamna Zulum kansa injiniya ne, kuma ya shugabanci kwalejin Ramat kafin ya shiga gwamnati, saboda haka ba ya bukatar tafinta a wannan magana.

Akwai hanyoyi biyu da shawara irin wannan ta saba mutuwa a ƙasar nan. Ta farko ita ce a mai da ita kwangilar sayen kaya: a sayo kyamara a kan ninkin kuɗinta, a nuna ta ga manema labarai, a kulle ta a kabad ɗin ofis har batirinta ya mutu. Maganin wannan shi ne a biya kuɗin aiki maimakon kuɗin kaya, watau a ɗauki mai bincike mai zaman kansa, a biya shi bisa rahoton da ya miƙa, kuma kada ya zama shi ne mai gyara, domin wanda zai ci kuɗin gyara ba zai rasa ganin ciwo ba. Ta biyu ta fi muni, ita ce a mai da binciken wata sabuwar kafar tatsar 'yan kasuwa, inda ma'aikaci zai nuna wa mai shago jan launi ya ce a sasanta. Ranar da aka fara haka, masu shaguna za su riƙa kashe firji da zarar sun hango masu kyamara, binciken ya zama wasan kwaikwayo. Don haka zagayen farko bai kamata ya zo da tara ba ko kaɗan. A ba mai shago hoton wayarsa, a ba shi wa'adi, ƙananan gyare-gyare irin su ɗaure noti da canja soket a yi su daga asusun kasuwa. Yanke wuta sai ga wanda aka dawo aka tarar bai gyara abin da ya haura ma'aunin haɗari ba, kuma shugaban layinsa ya shaida.

Abin da zai raba aikin gaske da na ganin ido shi ne rajista. Kowace taransifoma da kowane akwatin rarrabawa a ba shi lamba, a rubuta ranar da aka duba shi, da nauyin da yake ɗauke da shi a lokacin, da zafin da aka samu, da sunan wanda aka ɗora wa gyara, da ranar da aka sake ɗaukar hoto bayan gyaran. Hoto ɗaya yana nuna halin yau ne kawai, amma hotuna huɗu na akwati ɗaya cikin shekara biyu suna nuna inda aka dosa, kuma daga nan ne ake sanin wane layi ne ya yi wa wayarsa yawa har yana bukatar a sake masa babba. A liƙa taƙaitaccen sakamakon kowane layi a bakin layin, domin wanda jarinsa ke kwana a wurin yana da haƙƙin sanin halin da akwatin da ke kusa da shi yake ciki.

Game da lokaci kuwa, yanayin Borno ya riga ya tsara shi. Zagaye ɗaya a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kafin zafi ya kankama, yadda za a gama gyara kafin Afrilu, wani kuma a watan Oktoba bayan ɗaukewar damina, lokacin da laima ta gama aikinta a cikin akwatuna. A fara da manyan kayan da kowa ke sha daga gare su, sa'an nan layukan masu firji da masu cajin waya da teloli masu guga, sa'an nan na masu yadi da katifa da robobi, inda tartsatsi ɗaya ke samun abinci. Kowane wuri a duba shi sau biyu, sau ɗaya a kan wutar kamfani, sau ɗaya a kan janareto, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ta cika.